Aure da Haƙƙin Cin Gajiyar Inshorar Lafiya ta Gwamnati a Najeriya

Ɗaurin aure yana sauya matsayin mutum a gaban hukumar inshorar lafiya kamar yadda yake sauya shi a gaban dangi, sai dai wannan sauyi ba ya aiki sai an kai shi ga rajista. Inshorar lafiya, wadda wasu jihohi ke kira taimakekeniya, tsari ne da mutane da yawa ke zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya domin a biya wa wanda ya kamu da ciwo kuɗin asibiti. A Najeriya an kafa ta da doka a 1999, ta fara aiki a 2005 da sunan NHIS, sannan a watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar a kan kowa.

A tsarin ma'aikata, inda ake cire wani kaso daga albashi, ma'aikaci ne tushen rajista, kuma gudummawarsa tana ɗaukar nauyinsa da na abokin aure guda ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Saboda haka matar da ta auri ma'aikaci tana samun damar awon ciki da haihuwa da tiyata da magani, inda take biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai, haka nan ma'aikaciya tana iya shigar da mijinta idan shi ba ya cikin tsarin. Amma jami'an da ke teburin rajista a asibitoci sun saba ganin amarya ta zo da naƙuda alhali sunanta bai shiga ba, domin maigidan ya ɗauka cewa shaidun ɗaurin aure sun wadatar, har ta kai ga an biya daga aljihu abin da asusun ya kamata ya biya.

Inda lamarin ya fi shafar gidajen Hausawa shi ne auren mace fiye da ɗaya, domin gurbin abokin aure ɗaya ne tak, wanda galibi uwargida ta riga ta cike shi, gurbin 'ya'ya ma huɗu ne ko da ɗakuna nawa suka haife su. Mace ta biyu da ta uku da ta huɗu, da ɗa na biyar zuwa sama, da agola, wato ɗan da mace ta zo da shi daga wani aure, da ɗan riƙo, duk ba sa cikin gudummawar asali, sai dai a shigar da su a matsayin ƙarin iyali, a biya wa kowannensu kuɗi na daban. Magidancin da ya bar wani ɗaki da kati wani ɗaki babu ya buɗe ƙofar rashin adalci a kan abin da ya shafi rai, shi ya sa ya dace kuɗin wannan rajista ya shiga lissafin ƙarin aure tare da sadaki da lefe. Idan miji da mata duk ma'aikata ne, kowannensu tushen rajista ne mai gurbin 'ya'ya huɗu, muddin ba a rubuta yaro ɗaya sau biyu ba.

Ga marasa albashi akwai wata hanya dabam, wato Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ana kuma kai gajiyarsa ta hannun hukumomin jihohi irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. A nan ana duba rauni da talauci, kuma dokar 2022 ta ambaci masu juna biyu, da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, da masu nakasa, da matalauta. Aure shi kaɗai ba ya fitar da mace daga wannan rukuni, amma yana ɗauke ta daga gidan iyaye zuwa wata unguwa ko wata jiha, alhali katinta yana ɗaure da asibitin da aka yi mata rajista, don haka sai an nemi sauyin asibiti kafin ta amfana a sabon mazauninta.

Wajibi ne kuma mace ta san cewa haƙƙin da ta samu ta hanyar miji yana rataye da auren da kuma aikin mijin, ta yadda saki ko rasuwa ko barin aiki na iya katse shi, wani lokaci a tsakiyar ciki ko jinya. Wadda ta sami kanta a wannan hali tana iya yin rajistar kanta a shirin GIFSHIP na ɗaiɗaikun mutane da iyalai, ko ta nemi gurbi a shirin jiharta.

Abin da ya kamata ma'aurata su yi da zarar an tare shi ne su kai shaidar aure da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ofishin da ke kula da rajistarsu, su tabbatar sunan da ke takardun ya dace da juna, su kuma shigar da kowane jariri da takardar haihuwarsa tun a makonnin farko, ba tare da jiran ranar da ciwo zai tilasta musu ba.