Tsarabar Ƙarshen Shekara a Kelle

A Kelle, cikin tsaunukan Kutus da ke yankin Gure a jihar Damagaram, ƙarshen shekarar miladiyya yana faɗowa ne bayan kaka, lokacin da gero ya shiga rumbu, hunturu ya kankama, matafiya kuma suna dawowa da tsaraba, wato kyautar da mai tafiya kan kawo wa mutanen gida. Annobar korona, wadda aka tabbatar da ɓullarta a Nijar a watan Maris na 2020, ta sa an rufe iyakoki da masallatai da lakwal na wani lokaci, kuma yaran karkara, waɗanda ba su da littafi a gida, su ne karatunsu ya fi tsayawa.

Saboda haka ya kamata mai sayen tsaraba a kasuwar Damagaram ya rage alewa da kayan ƙawa, ya ƙara sabulu, da bargo saboda sanyin Disamba, da fitila mai caji da hasken rana don karatun dare. Littafi kuwa gara a zaɓi na Hausa mai gajerun labarai, irin su Magana Jari Ce na Abubakar Imam, domin yaro ɗaya mai iya karatu yakan karanta wa gida duka bayan sallar lisha, kuma in an naɗe bangonsa da leda yakan jure ƙura da yawan hannuwa.