Koyon Magana a Gaban Jama'a

Kowace shekara idan muka fara wannan darasi da sababbin ɗalibai, abu ɗaya muke gani. Yaron da ke cika fili da surutu lokacin hutu, da an ce ya tashi ya yi magana ta minti uku, sai ƙafafunsa su fara rawa, murya ta shige ciki. Wannan ba abin kunya ba ne. Magana a gaban jama'a sana'a ce, kuma koyonta ake yi kamar saƙa ko ƙira.

Me ya sa muke ba ta muhimmanci? Mu tuna abin da ya faru a ƙasarmu a 2010. A shekarar ne aka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, 'Yargalma, Tungar Daji da Tungar Guru. Dutsen zinariya da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje yana ɗauke da dalma. Ƙurarsa ta bi ƙasa, yara suna wasa suna kai hannu baki. Aƙalla yara 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar MSF sun kawo magani, an kuma kankare ƙasar tsakar gidaje, aikin da ya kai Bagega a 2013. Amma sai da aka sami masu tsayawa gaban mai gari da iyaye mata su bayyana cewa ƙurar da ido ke rainawa ita ce guba. Wanda ya iya bayani a irin wannan rana ya ceci rai.

Ga abubuwa huɗu da muke koyarwa a zangon farko.

Na farko, ka san masu sauraronka. Yadda za ka yi wa abokan ajinka magana dabam yake da yadda za ka yi wa dattawa a zaure. Littattafan Turawa sukan ce a dubi mutane cikin ido. A wurinmu, yaron da ya ƙura wa dattijo ido ya ɓata maganarsa tun bai fara ba. Ka fara da gaisuwa, ka ce "ranku ya daɗe", ka nemi izini, sannan ka riƙa ɗaga kai kana duban taron gaba ɗaya.

Na biyu, ka tsara maganarka kashi uku: buɗewa, gundarin magana, da rufewa. Kada manyan batutuwanka su wuce uku, domin mai sauraro ba ya iya komawa baya kamar mai karatu.

Na uku, murya da tsayuwa. Ka tsaya da kyau, ka ja numfashi, ka yi magana yadda na ƙarshen aji zai ji. Ku lura da mai shela a kasuwar Gummi: ba ya sauri, kuma yakan maimaita abin da ya fi muhimmanci. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960, malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa. Natsuwar muryarsa ce ta sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya.

Na huɗu, gaskiya. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Kada ka faɗi adadi ko labarin da ba ka tabbatar ba. Idan mutane suka kama ka da ƙarya sau ɗaya, ba za su saurare ka ba ran da kake da gaskiya.

Aikin da muke ba kowane ɗalibi shi ne wannan: ka ɗauka an tara maka iyaye mata ashirin a Tungar Guru. Cikin minti uku, da Hausa zalla, ka bayyana musu dalilin da ya sa ba a niƙa dutse a gida, da amfanin wanke wa yara hannu kafin cin abinci. Ka gwada a gaban ƙannenka lokacin hutu. In sun gane, ka shirya tsayawa gaban aji a zango mai zuwa.