Yadda Gidajen Rediyo da Talabijin Ke Gwada Gargaɗin Gaggawa

A ƙasar Amurka, mutum na cikin sauraron waƙa ko labarai sai ya ji an katse shirin, wata ƙara mai kaushi ta fito har sau uku, sa'an nan wani dogon amo mai sa tsigar jiki tashi ya biyo baya. Daga nan wata murya ta ce wannan gwaji ne kurum, babu abin da ya faru. Baƙo kan razana, 'yan gari kuwa sukan yi tsaki. To, ya kai mai karatu, wannan ƙara ba lalacewar inji ba ce. Doka ce ta ɗora wa gidajen rediyo da talabijin yin ta, kuma yana da kyau mu san dalili.

Asalin abin tsoron yaƙi ne. A shekarar 1951 Shugaba Truman ya kafa wani tsari mai suna CONELRAD, don a iya yi wa jama'a magana in jiragen Rasha suka kawo hari. An ware zango biyu, 640 da 1240, har aka riƙa sa musu alama a fuskar akwatunan rediyo. An canza tsarin a 1963, aka sake canza shi a 1997, aka sami wanda ake amfani da shi yanzu, watau EAS. Babban nufinsa shi ne shugaban ƙasa ya iya magana da dukan al'umma cikin minti 10. Abin mamaki, babu shugaban da ya taɓa amfani da shi don haka, ko da a ranar harin 11 ga Satumba 2001. Aikinsa na kullum shi ne gargaɗin guguwa, ambaliya, gobarar daji, da cigiyar yaron da aka sace.

Tsarin ya yi kama da yadda umarnin sarki ke sauka zuwa ga hakimi, daga shi zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, har ya kai bakin sankira. Akwai manyan gidajen rediyo fiye da 70 da ke karɓar saƙo kai tsaye daga FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya. An tanadar musu janareta da man ajiya don kada ɗaukewar wuta ta rufe musu baki. Ƙananan tashoshi na sauraron manya, su ma wasu na sauraronsu. Kowace tasha tana da wata na'ura da ke kasa kunne dare da rana ga aƙalla tashoshi biyu da aka zaɓa mata, don in ɗaya ta yi shiru a ji daga ɗayar. Ka lura da kyau: in tasha guda ta gaza a tsakiya, duk na ƙasa da ita na iya zama a duhu, kuma ba wanda zai sani sai ranar da aka gwada.

Ita ƙarar nan mai kaushi ba don kunnen ɗan Adam aka yi ta ba. Na'ura ce ke yi wa na'ura magana. A cikinta akwai sunan hukumar da ta aiko saƙon, irin haɗarin, gundumomin da abin ya shafa, lokacin da aka aiko shi da tsawon lokacin da zai yi aiki. Ana maimaita ta sau uku ne don na'urar da ke karɓa ta kwatanta, in biyu suka dace ta yarda. Dogon amon da ke biye kuwa namu ne. Sauti biyu ne aka haɗa, masu mita 853 da 960, aka zaɓe su da gangan don ba su da daɗin ji. A ƙarshe gajerun ƙara uku ke sanar da na'urori cewa saƙo ya ƙare, a koma shirin da aka katse.

Gwajin hawa-hawa ne. Na mako-mako gajere ne: tasha ta saki ƙarar farko da ta ƙarshe, ba lalle sai da murya ba, tashoshin da ke sauraronta su rubuta a rajista cewa sun ji. Na wata-wata ya fi nauyi, domin hukumomin jiha ko babbar tasha ke soma shi, kowace tasha kuma dole ta miƙa shi gaba cikin minti 60. A watanni irin su Janairu da Maris da rana ake yi, a Fabrairu da Afrilu kuwa da dare, don a jarraba ma'aikatan dare su ma. Tashar da na'urarta ta lalace ta yi shiru da zancen, hukumar sadarwa ta FCC na iya cin ta tara.

Ana yin gwajin mako ne a ranaku da lokuta dabam-dabam, kuma wannan hikima da wuya aka koye ta. Da safiyar Asabar 20 ga Fabrairu 1971, wani ma'aikaci a sansanin soja na Dutsen Cheyenne, a jihar Kolorado, ya je aika gwajin da aka saba sai ya ɗauko saƙon gaske ya aika, har da kalmar sirri ta ranar. A ƙa'ida, tashoshi su dakatar da shirye-shirye su jira shugaban ƙasa. Wasu sun yi haka, masu gabatarwa na magana murya na rawa. Amma da yawa ba su ko motsa ba, don saƙon ya zo daidai lokacin da suka saba ganin gwaji, wasu ma ba su duba takardar ba. An ɗauki kusan minti 40 kafin a soke shi yadda ya kamata. A ganina, waɗanda suka yi biris sun fi mai kuskuren ban tsoro. Shi mutum ɗaya ne, su kuwa sun nuna cewa sabo ya toshe kunnen ƙasa.

Sai a ranar 9 ga Nuwamba 2011 aka fara gwada tsarin EAS a ƙasar baki ɗaya, shekara 60 bayan kafa na farko. Sakamakon bai yi kyau ba. A wurare da yawa murya ta ninku ba a gane abin da ake faɗa, wasu tashoshi suka yi tsit, wasu ba su sami saƙon ba sam. Jaridu suka yi ta ba'a. Amma ai abin da aka fita nema ke nan. Ɓarakar da aka gani ranar lafiya ba ta ci ran kowa ba. Yanzu akwai hanya ta biyu ta intanet, kuma bayan kowane gwajin ƙasa tashoshi na cike takarda su faɗi ko sun karɓa, ko sun miƙa. A 2019 an gwada tsohuwar hanyar rediyo ita kaɗai, don a ga abin da zai faru in intanet ta yanke.

Shi kansa gwajin yana da nasa haɗari. Ranar 13 ga Janairu 2018, ana cikin atisaye a ofishin agajin gaggawa na jihar Hawai, wani ma'aikaci ya ɗauka da gaske ne, ya sanar da jama'a ta waya da talabijin da rediyo cewa makami mai linzami na tafe. Iyaye suka yi ta ɓoye 'ya'yansu, wasu na bugo wa dangi waya suna ban kwana. Sai bayan minti 38 aka aika gyara ta hanyar da aka aika gargaɗin, domin ba a tanadi saƙon sokewa ba. Daga nan aka sa dokar sai mutum biyu sun amince kafin a aika.

Haka kuma an hana wasa da ƙarar gargaɗin nan. A 2014 FCC ta nemi cin wasu manyan kamfanonin talabijin tarar kusan dala miliyan 2 don sun sa tallar wani fim mai ɗauke da ƙarar. Dalili biyu ne: kunnen mutane zai saba, sa'an nan na'urar wata tasha na iya ji ta ɗauka umarni ne. A 2013 ma wasu 'yan kutse sun shiga na'urar wata tashar talabijin a jihar Montana suka sanar wai matattu na tashi daga kabari, an kuwa gano cewa tashoshi da dama ba su canza kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita daga kamfani ba.

Mai sauraro fa? Abin da ake so gare shi kaɗan ne. Ya saurara har ƙarshe kafin ya yanke hukunci, kada ya cika layin 'yan sanda da kira don tambaya, in kuma muryar ba ta fita sosai ya sanar da tashar. Tun da aka haɗa wayoyin hannu cikin gwajin ƙasa, hukuma kan sanar da rana da sa'a tun da wuri. Kafin gwajin 4 ga Oktoba 2023, ƙungiyoyin kare matan da ake cin zarafinsu a gida sun shawarci masu ɓoyayyar waya su kashe ta kafin lokacin, don kada ƙarar ta tona musu asiri.