Ƙullutun Gidan Ƙwai da Illar Cire Gidan ga Mata Masu Ƙuruciya a Gabashin Sakkwato

1.0 Gabatarwa

A Wurno da Rabah da Goronyo, kamar sauran ƙasar Hausa, idan mace ta dawo daga asibiti bayan tiyatar mara, bayanin da dangi kan yi bai wuce "an yi mata aiki" ba. Wannan furuci yana lulluɓe ayyuka uku mabambanta: ɓare ƙullutun a bar gidan ƙwai, ko cire gida ɗaya, ko cire duka biyun. Wannan maƙala ta dubi abin da kowanne yake haifarwa ga macen da ba ta kai shekara 45 ba.

2.0 Yanayin Ƙullutun

Ƙullutu wata 'yar jaka ce mai ruwa da kan tsiro a gidan ƙwai. Mafi yawansa na zagayowar haila ne, yakan baje da kansa cikin wata 2 zuwa 3. Akwai kuma wanda ba ya bajewa, irin mai ɗauke da kitse da gashi, wani lokaci har da haƙori, kuma an fi samun sa ga 'yan mata. Da wuya ƙullutun mai ƙuruciya ya kasance daji.

Haɗarin yana ga murɗewa. Idan ƙullutu ya haura santimita 5, nauyinsa kan iya juya gidan a kan jijiyoyinsa, jini ya yanke. Alamarsa ciwon mara ne na farat ɗaya a gefe guda, sau da yawa tare da amai. In an kai ga likita da wuri, ana warware murɗin a bar gidan, ko da ya yi duhu, domin yakan farfaɗo. A nan ne yankin yake da rauni: akan fara ɗaukar ciwon a matsayin sanyi, a sha jiƙe-jiƙe, a jira izinin maigida, ga kuma fargabar 'yan bindiga a hanya da dare. Kafin a isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, mai yiwuwa gidan ya riga ya mutu.

3.0 Bayan Cirewa

Cire gida ɗaya bai cika yin ɓarna ba. Wanda ya rage yakan ɗauki nauyin aikin. Haila ta ci gaba, a kuma samu ciki, sai dai ɗaukewar haila kan ɗan zo da wuri. Matar da aka yi wa gori da juya saboda wannan aiki, an zalunce ta.

Cire biyun kuwa wani al'amari ne daban. Sinadarin estrojin yakan faɗi nan take, haila ta ɗauke shekaru da dama kafin lokacinta, wanda bisa al'ada yake tsakanin shekara 45 da 55. Zafin jiki da gumin dare da bushewar gaba su ne ake fara gani. Abin da ba a gani ya fi nauyi: ƙashi yana zaizayewa, haɗarin ciwon zuciya yana ƙaruwa. Binciken Asibitin Mayo na Amurka, ƙarƙashin Walter Rocca, ya nuna a 2006 cewa mace-mace sun fi yawa ga waɗanda aka cire wa biyun kafin shekara 45 ba tare da an ba su estrojin ba. A 2007 kuma ya danganta cirewar wuri da raunin ƙwaƙwalwa a tsufa.

Don haka likitoci kan ba irin wannan mace maganin maye gurbin sinadarin har zuwa wajen shekara 50, in babu abin da ya hana. Ga wadda aka yi wa aikin tana da shekara 25, wannan na nufin shekara 25 na sayen magani da komawa asibiti, abin da ba ƙaramin nauyi ba ne ga gidan manomi a fadamar Rima. Kuma ba za ta nemi maganin ba sai ta san abin da aka cire mata. Wajibi ne a yi wa matar kanta bayani da Hausa, ba mijinta ko waliyyinta kaɗai ba, a kuma rubuta a takardar sallama ko gida ɗaya aka cire ko biyu, da gefen da aka taɓa.