Girma Ba Ya Hana Karatun Aikin Lafiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa matasa, akwai maganar da ke yawo tsakaninku daga Turba har Isa da Sabon Birni, wai wanda ya haura talatin, ya ajiye iyali, karatun aikin lafiya ya wuce shi. Wai da gemunsa zai zauna aji ɗaya da ƙannensa? To, ku sani wannan kunya ba ta addini ba ce, girman kai ne ya sa rigar kunya.

Imamu Bukhari ya ambata cewa sahabbai sun yi karatu bayan sun manyanta. Alƙaffalu na Marwa maƙerin kwado ne har ya kai talatin, sannan ya shiga fiƙihu, ya zama jigo a mazhabar Shafi'iyya. Kuma malamai sun sanya ilmin magani cikin farillan kifaya, ma'ana idan gari ya rasa mai yinsa, laifin yana kan kowa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da nauyin mulki a kansa, sai da ya wallafa littattafai a kan magani.

Yanzu ku dubi ƙasarmu. Sanƙarau ya yi mana ɓarna a 1996, ya sake dawowa a 2017, amai da gudawa suka biyo a 2021. Da 'yan bindiga suka tsananta a gabashin Sakkwato, baƙon ma'aikaci ya kan nemi canjin wuri, kuma wa zai ga laifinsa? Wanda zai zauna shi ne mai gona a nan, mai uwa a nan. Inda kuwa aka rufe ɗakin shan magani, boka ke buɗe nasa, mutane su kai kuɗinsu su haɗa da imaninsu. Mun yi ta wa'azi a kan layu da tsibbu, amma uwar da ɗanta ke suma cikin dare, ina muka ce ta nufa?

Hanyar kuwa ba ta da tsawo. A makarantar koyon aikin lafiya ta Gwadabawa, babban kwas na ma'aikacin lafiyar al'umma shekara 3 ne. Ana neman kiredit 5 a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da darussan kimiyya. Wanda takardarsa ba ta cika ba, ya sake zama jarrabawar. Yi lissafi da kanka: ka shiga kana da 33, ka fito kana da 36, ritayar gwamnati sai 60. Saura shekara 24 na aiki. A Amurka ma, da aka fara horar da mataimakan likita a jami'ar Duke a 1965, tsofaffin ma'aikatan jiyya na sojan ruwa aka ɗauka.

Sai dai kada wani ya fake da neman ilmi ya bar iyali da yunwa. Ciyarwa wajibi ce a kanka kai kaɗai, ba ta faɗuwa don ka tafi makaranta. Kafin ka sayi fom, ka auna abin da ke rumbu, ka shawarci maiɗakinka, ka san ɗan'uwan da zai riƙe maka gona da damina. Idan kuma ita ce ke da takardar da ta fi taka kyau, ka yi tunani, domin matanmu sun fi buƙatar mace ta duba su.

Allah Ya sa mu dace.