Darasi: Waliyyiya Josephine Bakhita, Baiwar da Ta Ce A'a

Karatu: Farawa sura 37 da sura 50

Darasinmu na wannan fitowa a kan wata 'yar Afirka ne wadda Ikilisiyar Katolika ke tunawa da ita kowace ranar 8 ga Fabrairu. Ba dukanmu ne Katolika ba, amma labarin ya shafi kowane gida mai 'ya mace.

An haife ta wajen shekarar 1869 a ƙauyen Olgossa, yankin Darfur na ƙasar Sudan. Tana da shekara bakwai ko takwas masu farautar bayi suka kama ta, kamar yadda suka kama yayarta tun da farko. Firgita ta sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. Waɗanda suka sace ta ne suka sa mata Bakhita, wato mai sa'a a Larabci. Ku dubi wannan ba'a. An kora ta ɗaruruwan kilomita a ƙafa, ba takalmi, zuwa garin El Obeid, aka yi ta sayar da ita daga hannu zuwa hannu.

Mafi munin wahalarta a gidan wani janar Baturke ne. Uwargidan ta sa aka zana mata jiki da gari, aka bi zanen da aska, aka yi ta cusa gishiri cikin raunukan domin tabon ya fito sosai. Tsaga 114 aka yi mata a ƙirji da ciki da hannu.

A 1883 wani jami'in jakadancin Italiya, Callisto Legnani, ya saye ta a Khartoum. Wannan bai doke ta ba. Da yaƙin Mahadi ya matso, ya tafi da ita Italiya a 1885, aka ba da ita ga iyalin Michieli ta zama mai renon 'yarsu. A 1888 uwargidan ta yi tafiya zuwa Suakin inda mijinta ke da masauki, ta bar Bakhita da yarinyar a hannun Sistocin Canossa a birnin Venice. Nan ne ta fara jin bishara. Ta faɗa daga baya cewa tun tana ƙarama, in ta dubi rana da wata da taurari, takan tambayi kanta wane ne mai waɗannan, ba tare da ta san sunansa ba.

Da uwargidan ta dawo ɗaukarta, Bakhita ta ƙi. Wannan wurin nake so mu tsaya a kai. Yarinya ce baƙuwa, ba dangi, ba kuɗi, wadda fiye da shekara goma ba a taɓa tambayarta abin da take so ba. Aka yi kwanaki ana lallashi da matsi, ta tsaya a kan bakanta. Amma da ita kaɗai ce, da an ja ta da ƙarfi. Sistocin sun tsaya mata, shugabannin Ikilisiya na Venice suka shiga maganar, har ta kai gaban hukuma. Ranar 29 ga Nuwamba 1889 aka yanke cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba, saboda haka ita 'ya ce. Addu'a ta yi aiki, amma sai da mutane suka tashi suka bi hanyar doka.

An yi mata baftisma ranar 9 ga Janairu 1890, aka sa mata suna Josephine. Ta ɗauki wa'adin zama Sista a 1896. Daga 1902 ta zauna a garin Schio, tana girki, tana kula da kayan bagadi, tana tsaron ƙofa. Aikinta ke nan har tsufa. Ta rasu ranar 8 ga Fabrairu 1947. A ciwon ajalinta hankalinta ya koma ƙuruciya, tana roƙon mai jinya ta sassauta mata sarƙa don ta yi nauyi.

Game da al'ajibai, a koyarwar Katolika ba waliyyi ne ke warkarwa ba. Allah ne ke yi, waliyyi roƙo yake yi a madadin mai bukata. Kuma ba a karɓar labari don an ji shi a bakin jama'a. Mutanen Schio sun ɗauke ta a matsayin kariyarsu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, amma ba da wannan aka dogara ba. Sai an sami warkarwa wadda likitoci suka bincika suka kasa bayyana dalilinta. Wadda ta kai ta ga zama waliyyiya ta faru a birnin Santos na ƙasar Brazil a 1992. Wata mata mai ciwon sukari tana fama da gyambo a ƙafafu, ta roƙi Allah ta wurin Bakhita, gyambon ya warke. Paparoma John Paul na Biyu, wanda ya ayyana ta mai albarka ranar 17 ga Mayu 1992, shi ne ya sa ta cikin waliyyai ranar 1 ga Oktoba 2000. A lura, matar tana zuwa asibiti, shi ya sa aka sami shaidar likitoci. Mai ciwon sukari kada ya ajiye maganinsa.

A ganina babban al'ajibin shi ne gafararta. An tambaye ta me za ta yi in ta haɗu da waɗanda suka sace ta, ta ce za ta durƙusa ta sumbaci hannuwansu, domin ta wannan hanya ce ta san Yesu. Haka Yusufu ya nuna wa 'yan'uwansa a Farawa 50 cewa Allah ya juya muguntarsu zuwa alheri. Sai dai kada wani ya fake da wannan. Gafarar Yusufu ba ta mayar da cinikin da aka yi da shi halal ba.

Tun 2015 Ikilisiyar Katolika ta mai da 8 ga Fabrairu ranar addu'a a kan fataucin mutane. A ƙauyukanmu ba da sarƙa ake zuwa ba. Wata mata ce sananniya takan zo bayan girbi ya yi ƙaranci, ta ce za ta kai yarinya birni aikatau, za a sa ta makaranta, za a riƙa aiko da kuɗi. Kafin a ba da yarinya, iyaye su san sunan mai gidan da unguwarsa, a sanar da Fada ko Pasto da mai unguwa, a kuma ajiye ranar da za a je ganinta. In an daina jin muryarta, a kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar NAPTIP, wadda gwamnatin Najeriya ta kafa a 2003 domin wannan aiki.

A taron Zumuntar Mata da na matasa, bayan karatu, a ƙirga yara nawa ne daga ikilisiyarku ke aikatau a birni, a rubuta wanda ya ga kowannensu da idonsa cikin wannan shekara. A kawo wa ma'aikacinmu takardar idan ya zo zagaye.