Malam, Kafin Ka Ce Satar Amsa Ce

Yaro ya ga abokinsa ya maƙale a lissafi, ya raɗa masa amsa. A wurinka laifi ne, amma wataƙila a gidansu wanda ya ga ɗan'uwa cikin matsala ya kau da kai shi ne marar tarbiyya. Idan ajinka ya haɗa yara daga al'adu daban-daban, kullum za ka yi karo da irin wannan.

Masanin nan ɗan Holan, Geert Hofstede, ya auna bambancin ta hanyar tambayoyin da aka yi wa ma'aikatan kamfanin IBM a ƙasashe da dama. A ma'auninsa na fifita kai a kan jama'a, Amurka ta samu maki 91, Afirka ta Yamma kuwa 20. A Kalifoniya, masu shirin Bridging Cultures sun lura cewa 'ya'yan baƙi daga Meziko sukan bar aikinsu su taya wani, malamai suna tsawata musu. Da malaman suka gane tushen abin, sai suka fara ba yara biyu aiki ɗaya, suna kuma ganawa da iyaye a rukuni.

To, ga abin yi. Raba lokaci a fili. Ka ce, "Yanzu hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ku taimaki juna." Ranar jarrabawa kuma ka bayyana musu cewa kana son sanin inda kowa ya tsaya ne don ka taimake shi. Yaro ya fi bin dokar da ya san dalilinta.

Kada ka tilasta wa mai sunkuyar da kai ya kalle ka ido cikin ido, domin ladabi yake yi. Wanda yabo a gaban aji ke sa shi jin kunya, yaba masa a keɓe, ko ka yabi rukuninsu. Kafin ka nemi amsa, bar su su tattauna biyu-biyu, sai ka ga mai shiru ya buɗe baki. Mai son yin fice shi kaɗai kuma, ba shi dama, sannan ka ɗora masa koyar da wani.

Sai dai ka kiyaye: makin Hofstede na ƙasashe ne. Kada ka yanke wa yaro hukunci da ƙabilarsa. Kira iyayensa ka tambaye su: a gidanku, wane ne yaron kirki? Amsarsu za ta nuna maka inda za ka fara.